Hutun Kotu

Watan Agusta ya kama, kotu ta rufe,
alƙali ya ninke rigarsa ya wuce ƙauye.
Na ɗaure fayil na ƙarshe da zare
na gangara Taminus da leda biyu.
Baba Davou na nan a gindin shagon agogo,
littattafansa jere a kan buhu,
rabi sun sha ruwa sun kumbura kamar burodi.
Sha ɗaya na zaɓa.
Ya ɗora wani marar bango, ya ce, "Gyara."

Ruwan Jos ba ya sallama.
Tun azahar yake dukan kwano,
ni ina cikin bargo, safa a ƙafa,
shayin citta na hucewa a gefe,
ina bin sawun wani sufeto mai tari
da ke neman wanda ya sa guba a tulun attajiri.
Shekara goma sha tara ina buga shari'a,
na san idon maƙaryaci,
na san rantsuwar da ke rawa a maƙoshi,
amma marubucin nan ya ninke ni baibai:
na kama direba tun babi na uku,
ashe akawu ne, mai gaisuwa har ƙasa.

"Mama, gwate ya kama!"
Sakina ce daga kicin.
Na ce bari a gano gawar tukuna.
Ranar da gaya muka kwana.

Mako na biyu na shiga mai kauri kamar bulo,
labarin zamanin haƙar kuza.
Lebura a layi, kwano a ka,
mai sanda na ƙirga su kamar buhunan acca.
A shafi na ɗari da tara
wani yaro ya rungume gwiwa don sanyi,
sai na rufe littafin.
Kakana Jatau a diban gwamna ya hau dutsen nan.
Bai taɓa ba mu labarin ba.
Abin da na sani, ko da bazara
ba ya zama nesa da murhu.

Washegari na hau mota zuwa Bukur
na tsaya bakin tafkin kuza.
Ruwa kore, shiru, ba ya nuna gindinsa.
Samari na wanke babur suna dariya.
Ban tambayi kowa komai ba,
na sayi masara gasassa na dawo.

Daga nan kwanaki suka cakuɗe.
Gawa a jirgin ƙasa, gawa a rijiya,
wata sarauniya ta sayar da gari don gishiri,
wuta ta ɗauke, na ci gaba da tocila,
har mai kayan miya na fara yi wa kallon tuhuma
don ya ce bai ga canjina ba.

Gyara na bari ƙarshe.
Wani ya riga ni bi ta cikinsa da fensir:
"Ban yarda da likitan nan ba."
Can gaba: "Na faɗa!"
Ni kuwa matar marigayin nake zargi,
muka yi ta musu, ni da baƙon da ban sani ba,
har daren da sufeto ya tara kowa a falo,
ya gyara murya, ya ɗaga yatsa,
sai zare. Shafukan ƙarshe babu.

Na koma wurin Baba Davou da fushi.
Ya yi dariya har da tari:
"Da cikakke ne ai ba gyara ba.
Tambayi mai ƙosai, wataƙila ita ta san wanda ya yi kisan."

Gobe kotu za ta zauna.
Na goge takalmi, na nemo tabarau.
Kafin in mayar da littafin kan buhu
na ɗauki fensir, ƙarƙashin rubutun abokin musuna
na sa abin da hannuna ya saba:
An ɗage sauraro,
sai baba-ta-gani.