Murhun Banda

Ni ne Arzika, maƙeri a Yauri.
Na ƙera murhun banda da farin ƙarfe,
Hawa huɗu, ƙofa mai sakata,
Na shafe shi da fenti ruwan ganye,
Na ce gobe mata za su yi rububinsa.

Kasuwa uku ta ci, yana ƙofar rumfa,
Har kaji suka mai da shi wurin kwana.
Na rage kuɗi, na sake ragewa,
Na ce mutanen nan ba su san kaya ba.

Luba mai kifi ta zo wucewa,
Ta ɗaga murfin da yatsa biyu, ta saki.
"Wa ka tambaya kafin ka ƙera?"
Na ce, "Gudumata."
Ta gyara tallenta, ta ce,
"To, guduma ta saya mana."

Maganar ta kwana tana yi mini susa.
Da asuba na rufe maƙera,
Na je bakin ruwa, na zauna kan turmi kife,
Ban auna komai ba, kallo kawai nake.
Na ga tana juya tarwaɗa a durƙushe,
Goyo a baya, hayaƙi a ido,
Tana tari tana lissafin itace,
Ɗauri uku kafin azahar.
Na ga shaidar ambaliyar bara a jikin zana,
Ta ce in kogi ya taso cikin dare
Abin da hannu ya iya ɗauka shi ne naka.
Nawa kuwa sai ƙarti huɗu ke ɗaga shi.

Ashe tambayar da na amsa
Ba wanda ya yi mini ita.

Na yanka tsohuwar ganga biyu,
Ba fenti, ba ado, gwaji ne kawai.
Na farko ya babbake mata karfasa shida,
Na biya, ina murmushin yaƙe.
Na biyu ya riƙe hayaƙi, kifi ya yi ɗaci.
Ta ce, "Huda nan. A'a, ƙasa kaɗan.
Yi masa kunne biyu,
Yadda ni da Tumba za mu kinkima.
Ɗaga shi ya kai ƙugu, gwiwata ta gaji."
Ina fasawa tana faɗa,
Har na rasa wane ne maƙerin a cikinmu.

Na biyar ya ci ɗauri ɗaya ya ƙoshi,
Kifi ya fito ja kamar an shafa masa manja.
Ba ta yaba ba. Ta dai kwance bakin zane,
Ta ƙirga, ta ce, "Ƙanwata ma tana so,
Amma ita bahaguwa ce, ka je ka gan ta."

Yanzu Litinin ba na hura wuta,
Bakin ruwa nake wuni.
Mai ruwan ganyen yana nan a ƙofar rumfa,
Kaji sun yi ƙwai a hawa na uku.