Yatsa na Huɗu

Ni ba makaɗi ba ne.
Ni ake kira idan muryar piyano ta dishe,
in zo da jakata da maɗaurin waya,
in kasa kunne kamar likita a ƙirjin tsoho.

A Gyumri na fara ganinta, hawa na uku, gidan Madam Araksi,
ranar da ƙanƙara ta toshe bakin ƙofa.
Shushanik, 'yar shekara shida,
ƙafafunta na reto, ba su kai ƙasa ba,
sai da aka tara mata littattafai biyu ta taka.
Kafin darasi tsohuwar kan ɗumama ruwa a buta,
ta zuba a kwano, ta ce, "Tsoma hannu.
Yatsa mai sanyi maƙaryaci ne."

Sannan ta ɗora mata kwabo a bayan hannu.
In ya faɗi, a koma farko.
Faɗuwar kwabon nan da na ji
ta fi gashin da ya rage a kaina yawa.
Ya yi ƙara a katako, ya gangara ƙarƙashin kujera,
yarinya ta rarrafa ta ɗauko, babu kuka,
sai leɓen ƙasa da ta cije har ya yi fari.

Maƙwabcinsu na ƙasa, Vazgen direban tirela,
kan bugi bututun ɗumama ɗaki da cokali: ya isa haka!
Shekara uku yana bugawa.
A ta huɗu ya daina.
Na taɓa iske shi a matakala, taba ta mutu a hannunsa,
ya ce, "Yi shiru, ta kusa kai wurin da take tuntuɓe."

Yatsa na huɗu na hannun hagu,
shi ne ɗan autan da aka sangarta,
rago tun ran gini, kullum jingine da ɗan'uwa.
Awa shida a yini tana lallashinsa,
sa'anninta na can dandali suna shan iska,
ita tana hawa da sauka a kan fari da baƙi
kamar mai ɗiban ruwa daga rijiya gaba dubu.

Tana sha bakwai Yerevan ta ɗauke ta.
Tana ashirin ta je gasa a wata ƙasar da ake ruwa kullum,
da rigar da uwarta ta rage daga ta bikinta.
Ta zo ta huɗu.
Na huɗu ba shi da kofi, ba shi da hoto a jarida,
sai takarda da tikitin komawa gida.

Daga nan jijiyar hannu ta yi tawaye.
Wata goma sha ɗaya murfin piyano a rufe,
ƙura ta kwanta har ana rubuta suna.
A cikin watannin nan Madam Araksi ta rasu,
ba wanda ya kaɗa mata komai.

Sai ga shi jiya an kira ni babban zaure.
Na yi awa uku ina ɗaure wayoyi ɗari biyu da 'yan kai.
Ta shigo, ta yi tsawo, ta rame,
ta ce, "Baba Hovik, akwai ruwan ɗumi?"
Na ga ta cire takalmi,
ta jefa wani abu mai ƙyalli a ciki, ta mayar.
Ban tambaya ba.

Kujeru rabi ba kowa.
Vazgen na layi na tara, kwat ɗin aro ta matse shi.
Aka ce ta kaɗa har wata mata ta yi hawaye.
Ni ban sani ba.
Ina bayan labule, hannu a aljihu,
kunnena na kan waya ɗaya can ƙasa, ta hagu,
wadda ban yarda da ita ba tun da rana,
ina jiran yatsa na huɗu ya sauka a kanta.

Ya sauka.
Ta riƙe.