Baƙin Tafkin Maga

Da jijjifi muka bar Marwa,
mu shida a motar Kawu Sabo,
Iya Kuluwa a gaba, ƙullin tsakin shinkafa a cinyarta,
Tasalla na barci a kafaɗata, baki buɗe.
A Bogo jandarma ya jujjuya takardunmu,
ya ce, "Sai ina?"
Kawu ya ce, "Gaida baƙi."

Mun tarar da su kuwa.
Ruwa ya yi baƙi ƙirin da agwagi,
ƙanana, masu farar gira,
waɗanda ɗari ya koro daga inda kogi ke daskarewa.
Dinya na gefe tana harararsu,
ita da ta gaji wurin.

Tasalla ta watsa tsaki, ta ce kur-kur-kur,
kamar kajin gidanmu ne.
Sai fir! Tafki ya tashi sama,
ya bar mu da kunya da kwano.
Modu mai kwalekwale har da riƙe ciki:
"Ku zuba a tudu, ku ja baya, ku yi shiru.
Baƙo ba ya ci ana kallon bakinsa."

Muka ja baya.
Shayi ya huce a kofi.
Ɗaya ta sauko, ta tsaya, ta karkata kai,
sai uku, sai abin da ya fi ƙarfin lissafina.

Can da hantsi Modu ya janyo taru,
ga wata a ciki tana fafutuka,
zoben ƙarfe a ƙafar hagu,
da lamba, da rubutun wata ƙasa.
Ya ce ta miya ce.
Iya ta kwance bakin zane,
dala ɗari biyu, ba ta nemi ragi ba.

Ta riƙe ta da hannu biyu kusa da fuska,
ta yi ƙasa da murya, amma na ji:
"Ke da kika haye teku ba takarda,
ba ki ga Ɗanlami ba?
Dogo ne, da tabo a goshi.
Shekara huɗu ke nan."

Zuciyar tsuntsuwa na bugawa a tafinta.
Kawu ya juya yana duba tayar da ba ta sace ba.

Ta buɗe hannu.

A hanyar komawa ba mai magana,
sai Tasalla da ke tambaya
ko agwagwar ta ci kafin ta tafi.