Rigar Waya

A Gdansk, bayan inda ake ƙera jiragen ruwa,
akwai ɗaki marar taga.
Nan nake ƙona wayoyin lantarki, ana biyana.
Sunana Bogumila. Bana shekara goma sha tara ke nan.

Ignacy yakan ɗaure su a tsanin ƙarfe, a tsaye,
kamar kifin da kakata ke shanyawa a bakin teku.
Ni kuma in cinna musu wuta daga gindi,
in zuba wa agogo ido.
Minti ashirin.

Jan ƙarfen da ke ciki ba ruwana da shi,
ɗan aike ne, inda aka tura shi can zai je.
Rigar nake tuhuma.

Wata riga, da ta ji zafi sai ta fashe da kuka,
hawayen roba na ɗiga, kowane ɗigo da harshensa,
ya sauka ƙasa ya kafa nasa garin.
Wata ta tuƙe baƙi ƙirin,
hayaƙi mai yaji, wanda in ya tarar da danshin ido ko na huhu
sai ya koma kamar ruwan batir.
Wata kuwa ta cije, ta yi gumi,
wutar ta hau kamu biyu, ta gaji, ta kwanta.
Irin wannan nake sa wa hannu.

Ƙanena Witold
yana hawa na huɗu a masaukin leburori, cikin sanyin Janairu.
Wuta ba ta taɓa ko gashin girarsa ba.
Taku uku tsakaninsa da ƙofa aka same shi,
makulli a hannu, takalmi ƙafa ɗaya.
Ƙofar tana nan.
Ganinta ne ya gagara.

Ran Talata wani ɗan kwangila ya zo, Rusiecki,
da naɗin waya mai araha da kwalin cakulan.
Makarantar yara yake ginawa.
Ya ce, "Wa zai leƙa bayan bango?"
Ban yi musu ba.
Na tsayar da shi gaban gilashin ɗakin hayaƙi,
na nuna masa fitilar da ke can ƙarshe, taku uku,
na yanki kamu ɗaya daga hajarsa, na kunna.

Fitilar ta yi ja.
Ta yi kamar ƙwayar gauta.
Ta ɓace.

Na ce, "To, nemo min ƙofa."

Ya daɗe bai ce uffan ba.
Da zai fita ya manta da cakulan ɗin,
Ignacy ya cinye rabi kafin a tashi.
Ko ya sake waya, ko ya sake ɗakin gwaji,
ban sani ba.

Da dare 'yata ta sunsuni gashina,
ta ce ina warin tayar mota.
Na wanke sau biyu.
Kafin in kwanta na kashe fitila,
na ƙirga takuna zuwa ƙofa.
Bakwai ne. Jiya ma bakwai.