Ya Yi?

A Kakuri, zamanin da masaƙa ke busa jiniya,
ni ne yaron da ake turawa bayan ɗaki
in rungumi gorar eriya in juya.
"Ya yi?"
"Bai yi ba, koma hagu!"
"Yanzu fa?"
"Tsaya nan, kar ka motsa!"
Sai in ƙame, sauro na cin ƙwaurina,
dariyar mutane na fitowa ta taga
a kan wasan da ban gani ba.
Gidanmu, gidan Baba Yohanna, gidan mai kanti,
abu ɗaya, lokaci ɗaya.
Wanda ya makara sai dai labari.

Daren jiya Ramlatu ta miƙo mini waya.
Ba gora, ba faranti a kan rufi.
Na ce, "To ta ina yake shigowa?"
Ta ce, "Baba, ai ba ɗungurungum yake zuwa ba.

Akwai wani rumbu can nesa,
ɗaki ne cike da na'urori masu huci,
ba taga, ba tabarma, sai fanka dare da rana.
Can fim yake kwance.
An riga an yanka shi gunduwa-gunduwa
kamar yadda Tanimu mahauci ke yi wa cinya,
kowace gunduwa 'yan daƙiƙu,
kowacce da lamba a goshi
don kada ta baya ta riga ta gaba.
Kuma iri-iri aka yi su:
mai ƙiba, matsakaiciya, da ramammiya.

Idan ka danna, sai su biyo zaren gilashi
mai kaurin gashin kai,
ta ƙarƙashin teku, su ɓullo Ikko,
su yi ta gudu a binne a gefen titi.
Wanda aka fi nema ma ba a komawa can,
an ajiye kwafinsa kusa.
Mai shago ba ya zuwa Kano don ƙwayar ashana.
Daga nan sai dogon ƙarfen bayan makaranta,
mai jan ido da dare,
ya watso su cikin tafin hannunka.

Waya ce ke roƙo: ba ni ta ɗaya, ba ni ta biyu.
Tana tara kaɗan a randa kafin ka sha,
yadda Inna ke yi tun famfo bai ɗauke ba."

Muna cikin haka fuskar jarumin ta dagule,
hanci da baki suka zama kunu.
"Hanya ta cushe," in ji ta,
"kamar Kawo da magariba.
Kowa a unguwar nan ya kunna tasa.
Sai waya ta ce a aiko ramammiya, ta fi saurin ratsawa."

Can sai komai ya tsaya.
Wata 'yar da'ira ta fito tsakiya
tana bin wutsiyarta.
Ban tambaya ba. Na san randa ce ta ƙafe.

Abin da ya hana ni barci daban ne.
Shekaranjiya na kalli kokawa sau ɗaya tak,
yau ga dambe an jera mini, ga langa.
Wa ya gaya musu?
Tsohon akwatinmu shekara goma sha tara muna tare,
bai taɓa sanin sunana ba.
Wannan kuwa ina kallonsa yana ƙirga ni,
yana kuma lasar datar da na saya da kuɗin cefane.

Da'ira dai ta ƙi tsayawa.
Na zura silifa na zaga bayan ɗaki,
daidai ramin da gora ta bari,
na ɗaga waya sama iya tsawon hannu.
Sauron nan na nan, jikokin na da.
Ramlatu ta leƙo ta taga tana dariya.
"Baba, ya yi?"
Na ce, "Bai yi ba."
Na ɗan koma hagu.