Magajin Da Ya Rage

Yammacin da aka yi sadakar bakwai ɗin Sarkin Ruwa
ina zaune a bakin dam ɗin Dadin Kowa
da wani littafi mai yagaggen bango
da Dudu 'yata ta aro mini a makarantarsu.
Labarin Maya ne, mutanen ƙetaren teku,
can inda rana ke zuwa in ta bar mu.

Sarakunansu ba su dogara ga bakin maroƙi ba.
Dutse suke sa a sassaƙa,
a kafa shi ya ɗara mutum tsawo,
a rubuta: wane ɗan wane,
ya hau ran kaza, ya kama wane a fagen fama.
Har jininsu sukan ɗiga a takarda su ƙona
don hayaƙin ya gaya wa kakanni
cewa gidan bai mutu ba.
Akwai wanda aka naɗa yana ɗan shekara sha biyu,
uwarsa tsaye a bayansa kamar turke.

Sai na ɗaga kai.
Ga Gidado can yana ɗinkin taru, ya ba da baya.
Ga Hammayo yana kwalfe kwalekwale, ya ba da baya.
Nono ɗaya suka sha.
Tun ranar jana'iza ba wanda ya ce wa wani sannu,
a kan mashi mai tsatsa,
da rawanin da asu ya ci gefensa,
da ikon cewa yau a shiga ruwa, gobe a bari.
Gidado ya ce shi ne babba.
Hammayo ya ce hannunsa tsohon ya riƙe
daren da rai ke fita,
ba kuma shaida sai fitilar ƙwai.

Na koma shafi.
Kurmi ya haɗiye biranen.
Saiwa ta tsaga matakala,
birai na tsalle a kan sunan wanda ya kira kansa rana.
Ƙarni bisa ƙarni duwatsun na ta magana ba mai ji,
sai da baƙi suka zo suna kankare gansakuka,
suna haɗa harafi kamar yaro ɗan aji ɗaya.

Dudu ta miƙo mini gasasshiyar masara da zafinta.
Ta ce, Baba, ka kai wurin?
Ita ma daga can ta fito.

Na jujjuya ta a tafin hannu.
Ƙwaya a gefen ƙwaya, ba mai ture wata.
Ba wanda ya sassaƙa mata dutse.
Ta dai faɗi ƙasa ta ruɓe, 'ya'yanta suka tashi,
haka har ta ƙetaro gishirin teku,
ga ta yau a fadamar Gongola.

Na karya ta biyu, na ce ta kai musu.
Gidado ya karɓa bai ɗago ba.
Hammayo ya ce ya ƙoshi.
Ruwa ya ci gaba da lasar gaɓa,
shi da bai taɓa tambayar sunan sarkinsa ba.