Rufin Ɗakin Inno

Gini ya kai linta a Kwannawa,
saura rufi, aljihu kuwa ya rame.
Arzika kafinta ya iso da hantsi,
a damansa guntun kwano mai kauri,
a hagunsa fallen rufi mai tsakuwa,
irin da ake yayi a Gawon Nama,
baƙi, da kaushi kamar bayan guza.

Ya ce, "Malam Modi, zaɓi naka ne,
ni ƙusa kawai na iya bugawa."

Ban manta da bara ba.
Daren Laraba, farkon damina,
sama ta yi ta jifa ba sallama,
ƙanƙara kamar ƙwan zabi.
Ta kashe tantabarun Ɗan Ige sha ɗaya,
ta yayyaga ganyen masarar fadama,
gilashin motar liman ya koma saƙar gizo.
Da safe yara na tsintar ragowarta
suna tsotsa, suna dariya,
mu manya muna ɗaga kai, muna lissafi.

Hajo ta ce, "Mai tsakuwa nake so.
Kwano tanda ne a watan huɗu,
mu ne wainar da ke ciki.
Ruwa in ya sauka kuma, sai ihu,
ko kiran sallar Isha ba ka ji."
Na ce za a sa silin.
Ta ce, "Da wane kuɗin?"
Na yi shiru, don ta fi ni gaskiya.

Ni tsohon malamin kimiyya ne,
ba na yarda sai na gwada.
Na aiki Junaidu wurin mai firji,
ya sayo ƙanƙara bulo guda,
muka farfasa ta da guduma.
Na hau tsani, gwiwa na rawa,
na yi ta jifan fallayen nan biyu
har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Kwano ya lotsa, bai huje ba.
Mai tsakuwa ya shanye jifa uku shiru,
tsakuwarsa na zuba kamar gero daga ɓulallen buhu,
a na huɗu gefensa ya tsage.
Arzika ya riƙe ciki don dariya:
"Malam, mai jifa daga can sama
hannunsa ya fi naka tsawo."

Muna cikin haka sai ga Inno,
sanda a gaba, bango a hannu.
Shekara takwas rabonta da ganin rana.
Ta ce a miƙo mata abin gardama.
Ta shafa wannan, ta shafa wancan,
ta ƙwanƙwasa da zoben azurfarta.
Ɗaya ya amsa har cikin ƙirji,
ɗaya bai ce uffan ba.

"Wannan bebe ne," in ji ta.
"Ku rufa ɗakinku da shi in kuna so.
Ni ido ya riga ya tafi,
kada ku tafi min da damina.
In ban ji ruwa a kaina ba,
wa zai faɗa min an yi shuka a Dange?"

Hajo ta dube ni, na dubi ƙasa.
Arzika ya zaro fensir daga bayan kunne.

Bana ma ta zo, ranar wata Asabar,
ba ta kai ta bara girma ba.
Gida ya ɗauki kiɗa kamar maƙera,
Hajo ta toshe kunne da mayafi tana harara,
ni ina bin kusurwa da tocila, ina neman yoyo.
Ban samu ba.

Da na leƙa ɗakin Inno
na tarar da ita zaune a bakin gado,
fuskarta sama, carbi a ajiye,
tana cewa, "Wannan ƙanƙara ce.
Saurara, yanzu ruwan zai biyo baya."

Har yau in rana ta karkata
ana ganin tabo a kan rufin,
ƙanana, kamar fuskar mai tsohuwar agana.
Arzika ya ce zai iya gyarawa.
Na ce ya bari, silin ya fi gaggawa.